Kafin ka taɓa sitiyari a Texas, ka san wa ke da hanya

Ƙanena, saƙonka ya iso. Tambayar ita ce dai wadda kowane sabon ɗalibi ke turowa: ina ake karɓar lasisin tuƙi a jihar Texas ta Amurka, kuma wa ke tare mutum a hanya?

A gida rundunar 'yan sanda ɗaya ce daga Legas har Illela. Nan ba haka abin yake ba. Jiha tana da ma'aikatarta ta tsaron jama'a, DPS, wadda aka kafa a 1935, hedkwatarta a Austin. Kwamitin mutum biyar da gwamna ya naɗa ne ke sa mata ido, su ne kuma ke naɗa darakta mai muƙamin kanar. Ƙarƙashinsa akwai masu sintirin manyan hanyoyi, da Texas Rangers masu binciken manyan laifuka irin su kisan kai, da ɗakunan gwajin hujjoji, da sashen lasisi. Biyu kaɗai za su shafe ka, masu sintiri da masu lasisi.

Sauran duk ba na DPS ba ne. Gundumomi 254 ne a jihar, kowace da sheriff ɗinta, wato shugaban jami'an tsaron gunduma, da jama'a suka zaɓa. Birni na da 'yan sandansa, jami'arka ma tana da nata, kuma kada ka yi musu kallon masu gadi, suna sa wa mutum ankwa. Biza ta gwamnatin tarayya ce. Rajistar mota kuma a ofishin harajin gunduma ake yi, ba a DPS ba. Mutanenmu da yawa sukan ɓata wuni a layin da ba nasu ba.

Lasisin Najeriya ba a musanya shi, sai ka zauna jarrabawa. Ka kama lokaci ta intanet tun da wuri, domin a Houston da Dallas jira na iya kai makonni. Ka tafi da fasfo, biza, I-20 (takardar ɗalibi da makaranta ta ba ka), I-94 (shaidar shigowarka Amurka), da takardu biyu masu ɗauke da sunanka da adireshinka na Texas, kamar yarjejeniyar haya da takardar banki. Kada ka garzaya washegarin saukarka. Ka bari kamar kwana goma su wuce, makaranta ta yi maka rajista a SEVIS, rumbun bayanan ɗaliban ƙasashen waje na gwamnatin tarayya, in ba haka ba kwamfutar DPS ba za ta gan ka ba, a sallame ka hannu rabbana. Idan shekarunka tsakanin 18 da 24 ne, dole ka yi kwas ɗin tuƙi na awa shida. Jarrabawar rubutu kashi 70 ake ci. Lasisin da za a ba ka mai ƙayyadadden wa'adi ne, ba ya wuce izinin zamanka.

Ranar da ka ga fitila ja da shuɗiya a bayanka, ka gangara dama, ka tsaya, hannuwa kan sitiyari. Kada ka fito ka nufi jami'in da gaisuwa da "ranka ya daɗe". Nan abin tsoro ne a wurinsu. Ka miƙa lasisi da shaidar inshora. In ya rubuta takardar tara, ka sa hannu, ba amsa laifi ba ne, alkawarin zuwa kotu ne kawai. Wanda ya share ranar kotun, ana iya fitar da sammacin kama shi, a kuma hana shi sabunta lasisi. Batun na goro kuwa, ko da wasa kada ya fito daga bakinka, domin ba jami'i cin hanci a Texas laifi ne mai ɗaurin shekara 2 zuwa 20.