Daga Ina Gwamnati Ta Samo Ikonta, Kuma a Ina Ya Tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke bakin daji a arewa maso yammacin Najeriya. Da daminar bana sai da muka haɗa kuɗi gida-gida muka kai wa 'yan bindiga kafin suka bar mu muka shiga gonakinmu, alhali kuwa mai karɓar harajin kasuwa ba ya fashin zuwa. Daga ina gwamnati ta samo ikon da take da shi a kanmu? Idan ta kasa kare mu, shin biyayya ta sauka daga wuyanmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya kawo muku sauƙi, domin halin da ka bayyana abin baƙin ciki ne matuƙa.

Asalin mulki buƙata ce. Jama'a sun ga cewa idan aka bar kowa ya ƙwaci hakkinsa da ƙarfin damtsensa, to mai rauni ba zai kwana da abinsa ba, sai suka yarda da shugaba guda wanda zai raba gardama, ya tsare gari, su kuma su yi masa biyayya su ba shi wani kaso na dukiyarsu. Ko labarin da ake bayarwa na kafuwar sarautar Daura a kan haka ya ginu: baƙon da ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya sami matsayi ne saboda ya buɗe wa mutane hanyar ruwan da a da ba sa samu sai ranar Juma'a. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya faɗi wannan ƙarara a sashe na 14, inda ya ce iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun hurumin da take da shi, kuma tsaron mutane da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa ta. Saboda haka harajin da kake biya rabin alkawari ne, ɗaya rabin yana wuyan hukuma, kuma a ƙauyenku ba ta cika shi ba.

Iyakar iko kuwa ba baƙuwar magana ba ce a ƙasar Hausa. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa majalisar nan ta Tara ta Kano, kuma ya nemi Shehu Maghili, malamin da ya zo daga Arewacin Afirka, ya rubuta masa abin da ya wajaba a kan mai mulki. Bayan shekara ɗari uku, cikin laifukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan zamaninsa akwai ɗora haraji ba bisa shari'a ba, da cin gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da ƙwace dukiyar talaka. A yau doka ce ta shata wannan iyaka. 'Yan sanda ba su da ikon tsare mutum fiye da kwana ɗaya ba tare da kai shi gaban alƙali ba idan akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, sai dai in laifin da ake zarginsa da shi mai hukuncin kisa ne, hukuma ba za ta karɓe gonarka ba tare da diyya ba, shugaban ƙasa da gwamna kuma wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu ne rabonsu.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, iyakar ba ta tsare kanta, sai an sami masu tsayuwa a kanta. A watan Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo wa'adi na uku, magana ta mutu ba tare da an zubar da jini ba. A Nijar kuwa, da Shugaba Tandja Mamadou ya nemi tazarce a 2009, sai ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki da suka ƙi ba shi hanya, ƙarshenta sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010, ƙasa ta koma hannun masu bindiga.

Game da tambayarka ta biyu, a ganina gazawar gwamnati ba ta halatta watsi da doka, domin gurbin da hukuma ta bari ɗan bindiga ne ke cika shi, shi kuwa ba a zaɓarsa, ba a kai ƙararsa, ba ya da wa'adi. Amma biyayya ba ta nufin yin shiru. Gaskiya ne sashe na 14 yana cikin babin da kotu ba ta tilasta aiki da shi kai tsaye, sai dai hakkin rayuwa da na mallakar dukiya suna babi na huɗu, kuma waɗannan ana shigar da ƙara a kansu. Ku rubuta abin da ya same ku, da ranaku da adadin kuɗin da aka karɓa, dagatai da limamai su sa hannu, a kai wa ɗan majalisarku na jiha da na tarayya. Idan suka yi kunnen uwar shegu, sashe na 69 da na 110 sun ba ku damar yi musu kiranye, muddin fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar suka sa hannu a takardar koke, sannan aka amince da ita a ƙuri'ar raba gardama da hukumar zaɓe za ta shirya.