Tambaya da Amsa: Neman tsuntsun Sao Tome a cikin hazo

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai na saba kallon tsuntsaye a fadamun Haɗeja da Nguru, inda agwagin ruwa suke cika fili ka yi ta ƙirga har ka gaji. Yanzu ina tara kuɗi in je tsibirin Sao Tome, da ke cikin teku kudu da Najeriya, in ga wani kanari da aka ce babu shi ko'ina a duniya sai can, amma an ce min dajin kullum a cikin hazo yake. Ba asara zan yi ba kuwa? Mai karatu daga Gashuwa.

AMSA: Ɗan'uwa, wanda kake nufi shi ne mutanen tsibirin suke kira anjolo, kanarin da ya fi kowanne girma a duniya, tsawonsa wajen santimita 20, ja-ja mai duhu, ga baki katoto kamar na aku. Wani Bature ɗan Fotugal, Francisco Newton, ya samo shi wajajen 1888, daga nan shiru kake ji wai malam ya ci shirwa, sai a 1991 aka sake ganinsa a kudu maso yammacin tsibirin. Kiyasin masana, manyan da suka rage ba su kai 250 ba, to ka ga tun kafin a zo maganar hazo ma aikin ba na wasa ba ne.

Shi kuma hazon nasu ba irin namu na hunturu ba ne mai ƙura da fasa leɓe. Gajimare ne yake saukowa cikin itatuwan gandun dajin Obo, inda tsuntsun yake, ya jiƙe maka riga ba tare da an yi ruwa ba, gilashin madubin hangen nesa ya yi ta gumi kana gogewa yana dawowa, tsuntsu yana reshe kusa da kai amma inuwa kawai kake gani. Shi ya sa a can kunne ya fi ido aiki, kukansa wani ɗan fito ne siriri, ka saurari rikodinsa a waya har ya zauna maka tun kana gida, kuma ka ɗauki ɗan jagora ɗan ƙasa, su ne suka san itatuwan da yake cin 'ya'yansu.

Ka je tsakanin Yuni da Satumba, lokacin ranin su da suke kira gravana, kodayake kudu ko da rani ba ta rabuwa da laima. Rigar ruwa, takalmin roba mai tsayi, leda ta kunshe kyamara, ka ware kwana uku ko huɗu na kwana a daji ba yini ɗaya ba.

Asara kuwa ban ce ba, domin ko anjolo ya ƙi fitowa akwai ɗan ƙaramin jinjimin tsibirin da suke kira galinhola, shi ma can kaɗai yake. Kuma ka ɗan koyi gaisuwa da Fotugisanci, harshen ƙasar, turancinka ba zai kai ka nesa ba a ƙauyukan.