Hayaƙi na fita ta gefen ƙofar boila bayan shara

Ɗan'uwa ka ce kana Ingila, ka buɗe ƙofar boilarku, wato tukunyar dumama ruwa da gida, ka share toka, yanzu hayaƙi na ɗan sulalowa ta gefe, kana tambaya ko ka shafa mata silikon ɗin bayi. Kar ma ka fara wallahi, ba ya jure zafin wurin, ƙonewa zai yi ya bar ka da wari.

In ta gas ce to cire hannunka kawai, a Ingila doka ce mai sana'ar gyaran gas sai yana cikin Gas Safe, rajistar masu izinin aikin gas, irinsa za ka kira, in haya kake kuma aikin mai gida ne ya kawo shi.

In mai cin itace ce ko gawayi, matsalar igiyar nan ce ta fiba da ke zagaye da ƙofar, in ta tsufa sai ta yi tauri ta baje. Bari ta huce sosai, ka ɓanɓare tsohuwar, ka goge ramin da buroshin ƙarfe, ka sa gam mai jure wuta sannan ka kwantar da sabuwa mai kauri ɗaya da waccan, kar ka ja ta, in ka ja sirancewa take yi. Rufe ƙofa ka bar ta ta kwana.

Washegari ka maƙala takarda ka rufe ƙofar ka ja, in ta zame salin alin to bai kama ba. Kuma don Allah sayi alam na kabon monoksaid, iskar guba ce da wuta ke fitarwa, ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi.