Amsar Kawu Kan 'Yan Mafiya da Zumunci

Ɗana, saƙonka ya iso, da fatan kuna lafiya. Ka ce ka kalli The Brothers Rico, tsohon fim ɗin nan na 1957, kana tambaya ko da gaske al'adar Italiyawa ce mutum ya fifita ubangidansa a kan wanda suka sha nono ɗaya. A'a, ba al'adarsu ba ce. Amma maganar tana son zama.

Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa wajen miliyan 4 suka shiga Amurka, akasarinsu talakawan kudu da na tsibirin Sisili. Sun zo da girmama uwa da riƙon gida. Idan za a yi wa jariri baftisma a coci, iyaye kan zaɓi wani amininsu ya tsaya masa, daga ranar ya zama uba na biyu. In mahaifi ya kwanta dama, shi ake sa ran ya riƙe yaron. Akwai kuma kame baki a gaban hukuma, omerta, ɗabi'ar mutanen da baƙi suka daɗe suna mulka har talaka ya daina kai ƙara. Iyakar abin da zan kira al'ada ke nan.

Mafiya, ƙungiyar asiri ta miyagun Italiyawa, aron wannan riga ta yi. Haramcin giya a Amurka daga 1920 zuwa 1933 ya cika musu aljihu, a 1931 kuma, zamanin wani jigonsu mai suna Lucky Luciano, miyagun New York suka kasu gida biyar, kowanne yana kiran kansa iyali. Dubi yadda suke rantsar da sabon shiga: a soke masa yatsa, a ɗiga jinin a kan hoton wani waliyyin Kirista, a cinna wa hoton wuta a tafin hannunsa, a gaya masa daga yau ƙungiya tana gaba da uwa da mata da ɗa. To, wane zumunci ne zai ce ka jefa uwarka baya?

Koma kan fim ɗin da wannan ido. Eddie, wanda Richard Conte ya fito a matsayinsa, tsohon akawun ƙungiya ne da ya koma Florida ya buɗe kamfanin wanki. Ubangidansa Sid Kubik, kawu suke ce masa, ga shi ko sunansa ba na Italiyawa ba ne. Mahaifiyarsu ta taɓa tare harsashin da aka harba wa Kubik da jikinta. Da wannan tsohon alheri ya yaudari Eddie: je ka nemo ƙanenka Johnny, ni zan fitar da shi lafiya. Eddie ya yarda, ya lallashi tsohuwa ta faɗi inda yaron ya ɓuya a California, ashe jagora yake yi wa masu kisa. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne daren da aka tsare Eddie a ɗakin otal, matar Johnny ta haihu, shi kuma Johnny ya fita da ƙafarsa gun masu kisa don kada a shigo a taɓa mai jego da jariri. A duk fim ɗin, wannan yaron ne ya riƙe al'adar gidansu.

Ƙarshen da Eddie ya je ya ba da shaida, kada ya ruɗe ka. Dokar tace fina-finai ta lokacin ba ta yarda mai laifi ya ci riba ba. A zahiri bakunan a rufe suke. Ko a Nuwamban 1957, da 'yan sanda suka kama manyan Mafiya kusan 60 suna taro a garin Apalachin na jihar New York, yawancinsu cewa suka yi dubiya suka zo wa maigidan da ba shi da lafiya. Sai a 1963 wani ɗan Mafiya mai suna Joe Valachi ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka ya fasa ƙwai, shi ma yana kurkuku ne, yana tsoron shugabansa Vito Genovese ya sa a kashe shi.

Ka gaida mahaifiyarka.