Yaushe ake ɗora majiyyaci a kan injin wankin ƙoda?

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan da na fara horon ƙwarewa a fannin ƙoda. Kusan kullum sai an kira ni ɗakin masu jinya mai tsanani an ce kiriyatinin ɗin wani, wato dattin nan da ƙoda ke tacewa daga jini, ya haura, in zo in yanke shawarar wankin ƙoda. Wace lamba ce in ya kai ta zan ce a fara?

Amsa: Ƙanena, babu irin wannan lambar, kuma gara ka daina nemanta tun yanzu. Kiriyatinin baya yake biyowa. Ƙoda na iya tsayawa da safe amma jini bai nuna ba sai gobe ko jibi. Daga tsoka yake fitowa, don haka tsohuwar da ta rame tana iya nuna 1.0 alhali ƙodarta ta yi nisa. Muddin lambar tana hawa kullum, lissafin eGFR, wato ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda, da ɗakin gwaji ya buga maka ba abin dogaro ba ne.

Ƙa'idar da ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, KDIGO, ta fitar a 2012 ta ce ƙoda ta samu rauni na farat ɗaya idan kiriyatinin ya ƙaru da 0.3 mg/dL cikin awa 48, ko ya kai ninki 1.5 na yadda yake a da cikin kwana 7, ko fitsari ya gaza 0.5 mL a kowane kilo a awa har tsawon awa 6. Wannan sunan ciwon kawai ta ba ka, ba ta ce ka kira inji ba.

Abin da ke kiran inji a jikin majiyyaci yake. Fotasiyam ya yi sama, ka ba da kalsiyam, ka ba da insulin da gulukos, ya ƙi sauka, zanen bugun zuciya ya fara sauyawa. Ruwa ya cika huhu, mutum yana haki, maganin sa fitsari furosemayid bai fitar da komai ba. Jini ya yi tsami ƙwarai ya ƙi gyaruwa. Ko yuriya, wani dattin da ke taruwa a jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko ka ɗora abin sauraro a ƙirji ka ji ƙarar gogayya a jakar zuciya. Sai guba irin su metanol da litiyam. A nan ba a jiran gari ya waye.

In babu ko ɗaya, haƙuri ya fi. A binciken AKIKI da aka yi a Faransa aka buga a 2016, kusan rabin waɗanda aka jinkirta musu ba su ma buƙaci wankin ba, kuma yawan mutuwa bai bambanta ba. STARRT-AKI na 2020, mai mutum kusan 3,000 a ƙasashe 15, ya sake nuna haka, har ma waɗanda aka gaggauta wa suka fi zama a kan inji bayan kwana 90. Amma jinkirin ma yana da iyaka, AKIKI 2 ya nuna wuce gona da iri na iya cutarwa.

Kafin duk wannan, je bakin gadon. Taɓa mararsa. Sau da yawa mafitsara ce ta cika tam saboda toshewa, robar fitsari kaɗai ta warware matsalar, kuma abin kunya ne a ce likitan ƙoda bai duba ba. Karanta takardar magungunansa layi-layi, ka nemo masu cutar da ƙoda irin su ibufurofen ko jentamaisin ko ruwan hoto da aka yi masa allurarsa. Sannan ɗauki fitsarin da hannunka, ka juya shi a na'ura, ka ɗiga a gilashi ka leƙa ta maikuroskof. Dunƙule-dunƙule masu launin laka suna nuna bututun ƙoda ne suka lalace, yawanci sukan farfaɗo. In kuwa jajayen ƙwayoyin jini ka gani a dunƙule, matatun ƙodar ne suka kumbura, sai ka kira babban likitanka a daren nan a fara maganar ɗebo tsokar ƙoda don gwaji.