Me ya sa sakamakon bincikena yake kuskure sa'a guda?

Tambaya: Ina kula da sabar wani ƙaramin kamfani a Garwa. Idan na nemi kurakuran da aka rubuta a rajistar sabar tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe, sai a kawo mini na ƙarfe 9 zuwa 10, wani lokaci kuma ba a kawo komai. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, kafin ka sake taɓa sharaɗin binciken, buɗe layi ɗaya na rajistar yadda aka adana shi, domin kwamfuta tana kwatanta abin da ke ajiye ne, ba abin da allo yake nuna maka ba.

Sa'a gudan nan da kake gani ita ce tazarar da ke tsakaninmu da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya da ake auna lokacin ƙasashe da shi. Kamaru da Chadi suna gaba da UTC da sa'a ɗaya duk shekara, yawancin sabobi kuwa da UTC suke rubuta lokaci. Elasticsearch, manhajar adana bayanai da bincikensu, ma haka yake adanawa, sai Kibana, manhajar da ke nuna su a allo, ya juya lokacin zuwa agogon burauzarka, shi ya sa ido yake ganin komai daidai alhali sharaɗin da ka rubuta da hannu an ɗauke shi a matsayin UTC. Rubuta 2024-03-05T08:00:00+01:00, wato tsarin rubuta lokaci na ISO 8601 tare da alamar yankin lokaci (+01:00), rikicin zai kau. Idan sabar tana bin agogon Faransa ne, abin ya fi ɓoyuwa, domin lokacin sanyi agogonsu daidai yake da namu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sukan wuce mu da sa'a ɗaya.

Rashin samun komai kuwa, ina zargin ma'auni ne. Lokacin Unix, wato lokacin da kwamfuta ke adanawa a matsayin adadi guda, ana ƙirga shi daga 1 ga Janairu 1970, wasu manhajoji da daƙiƙa, wasu da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙirga lambobin da ke cikin adadin: idan goma ne, ma'auni na farko ne; idan goma sha uku ne, na biyu. Adadin 1700000000 yana nufin 14 ga Nuwamba 2023, amma idan aka karanta shi da ƙaramin ma'aunin, sai ya faɗa 20 ga Janairu 1970, inda ba wanda zai neme shi.

Ka kuma tabbatar an ayyana filin da ake adana lokaci a cikinsa a matsayin kwanan wata, ba rubutu ba. Mu nan mun saba da rubuta rana kafin wata irin na Faransanci, kuma idan aka kwatanta "05/03/2024" da "12/01/2024" harafi bayan harafi, 5 ga Maris zai riga 12 ga Janairu.

Idan duk wannan ya yi daidai, duba agogon sabar kanta, musamman bayan an ɗauke wuta, ka ga ko NTP, tsarin da ke daidaita agogon kwamfuta ta intanet, yana aiki, sannan ka bambanta lokacin da abu ya faru da lokacin da layin ya iso ma'ajiya, domin ranar da intanet ya yanke, layin safe yana iya isowa da azahar.