Amsa ga Mai Son Harhaɗa Sabon Kanel na Linux da Kansa

Malam, na karanta tambayarka: ka sa Debian 12, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, a sabuwar laftof, katin Wi-Fi bai bayyana ba sam, wani ya ce maka kanel ɗin, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urorin kwamfuta, shi ne ya tsufa, shi ne kake son ka sauko da sabo daga tushe ka harhaɗa da hannunka, wato ka mayar da rubutaccen tushensa manhajar da injin zai iya gudanarwa, amma kana tsoron kada kwamfutar ta ƙi tashi. Tsoron nan yana da dalili, sai dai ba a harhaɗawar haɗarin yake ba. Harhaɗawa jira ne kawai. Haɗarin yana wajen zaɓen abin da za a saka a cikin kanel ɗin, da kuma yadda za a ɗora shi ba tare da an taɓa tsohon ba.

Wanda ya ce maka kanel ya tsufa, wataƙila ya yi gaskiya. Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da kanel 6.1, shi kuwa 6.1 tun Disambar 2022 aka sake shi. Duk na'urar da aka ƙera bayan nan tana iya rasa direba, wato manhajar da ke sa ta aiki, a cikinsa. Misali, guntun Wi-Fi na MediaTek MT7925 sai a 6.7 direbansa ya shiga. Amma kafin ka ɗauki wannan aikin, ka buga lspci -nn ka ga ainihin sunan katin da lambarsa, sannan ka buga sudo dmesg ka nemi inda aka ambaci firmware. Sau da yawa direban yana nan, abin da ya rage ɗan fayil ne da ake loda wa cikin na'urar kanta, wanda yake zaune a /lib/firmware. Wannan ba ya cikin tushen kanel, don haka ko ka kwana kana harhaɗawa ba zai fito ba. A Debian 12 irin waɗannan fayiloli suna sashen non-free-firmware. Idan shi ne matsalar, aikin minti kaɗan ne.

Idan ta tabbata direba ne babu, akwai gajeriyar hanya da ni kaina nake fara bi. Ka ƙara bookworm-backports, ma'ajiyar da ke kawo wa Debian 12 sababbin sigogi, a jerin ma'ajiyoyinka, ka buga sudo apt install -t bookworm-backports linux-image-amd64, za ka sami kanel da ya fi 6.1 sabunta, an riga an harhaɗa shi, an sa masa hannu, kuma gyare-gyarensa za su riƙa zuwa ta apt, mai kula da fakitocin Debian. Ko kuma ka haura Debian 13, wadda ta fito a Agustan 2025 da 6.12.  Na faɗi wannan ne don kada ka zaci harhaɗawa ce kaɗai mafita. To idan koyo kake so, ko abin da kake nema bai iso can ba, bismillah.

Ka je kernel.org. Za ka ga jerin sigogi, kada ka ɗauki na sama don kawai yana sama. Linus Torvalds, wanda ya fara aikin nan a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yana fitar da sabuwar siga kusan duk mako 9 zuwa 10: mako 2 na karɓar sababbin abubuwa, sauran na gwaji. Duk wanda ka ga rc a sunansa na gwaji ne, ka bar wa masu neman kurakurai. Wanda aka rubuta wa stable, Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa ke kula da shi, amma da zarar na gaba ya fito, ba ya jimawa ake daina gyara shi. Wanda aka rubuta wa longterm shi ake riƙewa shekaru, irin 6.6 na Oktoban 2023 da 6.12 na Nuwamban 2024. A ganina mutum irinka ya ɗauki longterm mafi sabo da yake ɗauke da direbansa, ya huta da tsalle-tsalle.

Ka sauko da fayil mai ƙarewa da tar.xz tare da ɗan'uwansa mai ƙarewa da tar.sign. Sa hannun an yi shi ne a kan tar ɗin da ba a matse ba, shi ya sa mutane da yawa suke ganin gpg, manhajar tantance sa hannu, ya ƙi amincewa, alhali ba su warware xz ɗin ba tukuna. Ka fara warwarewa da unxz, sannan gpg --verify. Ka buɗe shi a cikin foldar gidanka, a matsayin mai amfani na yau da kullum. Ba a buƙatar ikon root, wato cikakken iko a kan tsarin, sai lokacin ɗorawa.

Kayan aikin kuwa: build-essential, flex, bison, bc, libssl-dev, libelf-dev, libncurses-dev, dwarves, rsync da debhelper. Idan ɗaya ya ɓace, make zai tsaya ya faɗi sunan abin da ya rasa, sai ka sa ka ci gaba daga inda ya tsaya.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Duk abin da kanel ɗinka zai zama yana cikin fayil guda mai suna .config, mai ɗauke da dubban zaɓuɓɓuka. Kowane zaɓi ko dai y, wato a gina shi cikin jikin kanel. Ko m, a yi shi modul da za a loda idan an buƙace shi. Ko n, a bar shi. Kada ka fara daga fanko. Ka kwafi na kanel ɗin da kake kai yanzu, tunda ka san yana tayar da kwamfutarka: cp /boot/config-$(uname -r) .config, sannan make olddefconfig. Wannan umarni yana riƙe tsofaffin zaɓuɓɓukanka, sababbin da tsohon fayil bai sani ba kuma ya ba su amsar da masu kanel suka ajiye tun asali.

A nan tarkon yake, kuma ya shafe ka kai tsaye. Amsar asali ta yawancin sababbin direbobi n ce. Wato direban Wi-Fi ɗin da ka yi duk wannan wahalar dominsa, da yake tsohon .config bai san da shi ba, olddefconfig zai wuce shi shiru. Ka harhaɗa, ka ɗora, kwamfuta ta tashi lafiya da sabuwar lamba, amma Wi-Fi na nan inda yake, sai ka ce sabon kanel bai yi amfani ba. Na sha ganin wannan a hannun mutane. Maganinsa: make menuconfig, ka danna alamar / ka rubuta sunan guntun, misali MT7925E, zai nuna maka inda yake da abubuwan da ya dogara a kansu. Ka mayar da shi m, ka adana, ka sake dubawa da grep a cikin .config kafin ka ci gaba.

Wani zai ce maka ka yi make localmodconfig don aiki ya yi sauri. Gaskiya ne yana rage lokaci sosai, domin yana duba modul ɗin da ke aiki a wannan lokacin, ya zubar da sauran. Amma abin da ba a jone ba a lokacin, kamar filashi, na'urar buga takardu, ko irin tsarin fayil da ba ka buɗe ba ranar, yana iya zubewa, sai wata rana ka soka filashi ka ga ko motsi. Kamar tela ne da ya ɗinka maka riga daidai jikinka na yau, bai bar ko ɗan sarari ba. A karon farko ni dai cikakken .config nake ba da shawara, ko da zai ja lokaci.

Abubuwa biyu za ka gyara kafin ka saki make. Fayil ɗin da ka kwafo yana iya nuni ga takardun shaida na masu rarraba tsarin, waɗanda babu su a tushen kernel.org. Idan ka bar shi, aiki zai yi nisa sannan ya tsaya da ƙorafin babu wani fayil mai ƙarewa da pem; a Ubuntu sunansa debian/canonical-certs.pem. Ka share darajar: scripts/config --set-str SYSTEM_TRUSTED_KEYS "" haka ma SYSTEM_REVOCATION_KEYS. Na biyu, bayanan bin kurakurai, waɗanda suke ƙarƙashin Kernel hacking. Su ne ke cinye gigabait da dama a faifai. Idan ba rubuta direba kake ba, kashe su ba laifi, sai dai ka sani BTF, wani taƙaitaccen bayani kan tsarin kanel, zai tafi tare da su, kuma wasu kayan aikin eBPF, masu sa ido a cikin kanel, suna buƙatarsa. Ka kuma sa wa kanel ɗinka alama a LOCALVERSION, ko da -nawa ne, don ka gane shi a jeri.

Littattafai da yawa za su ce make, sai make modules_install, sai make install. Yana aiki, amma yana watsa fayiloli a /boot da /lib/modules ba tare da apt ya san da su ba, ranar cirewa sai ka bi su ɗaya-ɗaya da hannu. Tunda Debian kake, ka buga make -j$(nproc) bindeb-pkg. Wannan -j ɗin yana sa duk ƙwayoyin furosesa aiki a tare. Ka jona caja, ka bar wa laftof ɗin hanyar iska, don za ta yi zafi, cikakken .config a matsakaiciyar laftof yana iya kai awa ɗaya ko biyu. Idan RAM ɗinka kaɗan ne, ka rage lambar -j. Da ya gama za ka tarar da fakitin deb a foldar da ke sama da ta tushen. Ka sa linux-image da linux-headers da sudo dpkg -i. Shi da kansa zai gina initramfs, ɗan tsarin fayil da kanel ke fara lodawa lokacin tashi, ya sabunta GRUB, manhajar da ke zaɓar kanel ɗin da zai tashi. Ka duba df -h /boot tun farko, don idan wurin ya cika, initramfs na iya fitowa guntu.

Kafin ka sake kunnawa, ka buga mokutil --sb-state. Idan Secure Boot, tsaron da ke hana tayar da abin da ba a sa wa amintaccen hannu ba, na kunne, kanel ɗinka ba zai tashi ba, saboda babu sa hannun da injin ya yarda da shi. Ko dai ka kashe shi a saitin UEFI, wato saitin injin kansa da ake shiga lokacin kunnawa, ko ka ƙirƙiri makullinka, ka shigar da shi da mokutil --import, ka sa wa kanel hannu da sbsign. Idan akwai Windows mai BitLocker, tsarin kulle faifai, a faifan, ka tanadi lambar ceto kafin ka taɓa wannan saitin, don yana iya tambayarka ita. Haka idan kana amfani da direban NVIDIA ko VirtualBox, DKMS, mai kula da modul ɗin da ba sa cikin tushen kanel, zai yi ƙoƙarin sake gina modul ɗinsu a kan sabon kanel, abin da ya sa na ce ka sa headers ke nan. Idan kanel ya yi musu sabo da yawa, ginin na iya faɗuwa, ka tashi da baƙin allo. Ka karanta abin da dpkg ya rubuta, kada ka wuce shi.

Shi kuwa tsohon kanel, kada ka cire shi, ko da sabon ya yi wata yana aiki lafiya. Idan sabon ya ƙi, ko ka ga saƙon Unable to mount root fs, wanda yawanci ke nufin direban faifai ko na tsarin fayil bai shiga initramfs ba, ka sake kunnawa, ka shiga Advanced options a GRUB, ka zaɓi 6.1. Idan jerin GRUB ba ya bayyana, ka danna Esc ko ka riƙe Shift lokacin tashi. Daga can sai ka cire wanda ya ƙi da apt remove kamar kowane fakiti, ka gyara .config, ka sake. Idan kuwa ya tashi, uname -r zai nuna maka alamarka, ip link kuma ya nuna ko katin ya bayyana. Sabon direba yakan nemi sabon firmware, don haka ka sake leƙa dmesg.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: daga ranar da ka hau kanel ɗin hannunka, gyaran tsaro ya dawo wuyanka. Apt zai ci gaba da sabunta 6.1, amma GRUB zai riƙa zaɓar mai babbar lamba, wato naka, wanda ba mai taɓa shi sai kai. Reshen longterm yana samun gyara kusan kowane mako ko biyu, sai ka riƙa leƙawa, ka sauko, ka kwafi .config ɗinka, ka yi olddefconfig, ka sake ginawa. Idan ka ga backports ta kamo sigar da kake buƙata, ka koma kanta.

Ka turo abin da lspci -nn ya nuna a layin Network controller, da layukan dmesg masu ambaton firmware, in duba maka ko harhaɗawar ma ta zama dole. Allah Ya ba da sa'a.